Furostat: Kalmar Girkawa da ke ɗaure wa dattawa kai a asibitocin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji

Idan kana cikin masu neman kuɗi a Legas, Abidjan, Agadas ko Tamanraset, wataƙila ka taɓa samun irin wannan saƙo da sassafe. Ƙaninka ya ɗauki hoton wata takarda ya turo maka ta WhatsApp, ya biyo ta da murya: "Yaya, mun kai Baba likita. Fitsari ne ya tsaya mishi tun daren jiya. Sun sa mishi roba, ya samu sauƙi. Sun ce wai furostat ne, a kai shi Maradi."

Ka buɗe hoton, rubutun lokotoro ne, babu abin da ka iya tsinta a ciki sai kalma guda, wadda aka rubuta prostate. Ka garzaya Nita ko Al Izza ka tura abin da ya sawwaƙa. Amma da za a ce ka ɗauki waya ka faɗa wa Baba da Hausa abin da ke damunsa, sai ka yi shiru. Ƙanin naka ma bai sani ba. Shi kuwa Baba ba zai tambaya ba, balle a gaban ɗansa.

Haka kalmar ke shiga gidaje a Agiye, Cadawa, Gazawa, Gangara, Gidan Rumji, Tsibiri da Cadakori. Kowa ya iya faɗinta, kaɗan ne suka san me take nufi. Ga shi kuwa tana da tarihi mai ban mamaki, domin Girkawan da suka ƙirƙire ta ba su taɓa kiran wani sashe na jikin mutum da ita ba.

Mai tsayawa a gaba

Asalin kalmar a Girkanci shi ne prostates. Gaɓa biyu aka haɗa. Ta farko, pro, tana nufin gaba. Ta biyu ta fito daga aikatau mai ma'anar tsayawa. Idan aka haɗa, sai a samu "mai tsayawa a gaba".

Kunnen Bahaushe bai kamata ya ji baƙon abu a nan ba. Shugaba, jagaba, magabaci, duk da gaba muka gina su. Haka Girkawa suka yi. A birnin Atina, shekara sama da 2,400 da suka wuce, prostates shi ne wanda ke gaban jama'a, mai kare su, mai magana da yawunsu. 'Yan siyasar da talakawa ke bi ana kiransu masu tsaya wa jama'a da wannan kalma. Cewa mu ma muna sakaya al'aura da kalmar "gaba", wannan dacewa ce kawai, babu dangantaka tsakanin harsunan biyu.

Akwai wata ma'anar da za ta fi taɓa zuciyar wanda ke zaune a ƙasar wasu. A Atina, baƙon da ya zo ya zauna yana sana'a ba ya da ikon mallakar fili ko gida, kuma yana biyan wani haraji na musamman duk shekara. Doka ta wajabta masa ya samu ɗan gari da zai tsaya masa, a rubuta sunansa a ƙarƙashinsa. Wanda bai yi haka ba ana iya gurfanar da shi gaban shari'a. Wannan ɗan garin shi ne prostates ɗinsa. Shi kansa Aristotle, wanda malamanmu ke kira Aristo, a matsayin baƙo ya zauna a Atina, domin haifaffen Stagira ne.

Wanda ya yi aiki a Saudiyya zai tuna da kafili. Kakanninmu fatake kuwa, da suka bi hanyar Gwanja neman goro, ko suka sauka Sabo ta Ibadan da shanu, sun san maigida ko fatoma: shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa idan ciniki ya rikice. Da Bagirke na wancan zamani zai ga fatoma a zangon Kumasi, da wannan suna zai kira shi. Har gobe a Girkancin zamani kalma ɗaya ce ke nufin majiɓinci, take kuma nufin wannan halitta da ke jikin namiji.

To, ta yaya sunan majiɓinci ya koma sunan wani ɗan nama da ke ƙasan mara?

Kuskuren karatu da ya zama suna

Littattafai da dama sun daɗe suna cewa likitan nan Herophilus ne ya raɗa sunan. Shi mutumin Chalcedon ne, wurin da yanzu yake cikin birnin Istanbul, kuma ya yi aikinsa a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Yana cikin na farko da suka feɗe gawar mutum don neman ilimi. Littattafansa sun ɓace, abin da aka sani daga gare shi ta hannun na baya aka same shi, musamman Galen, wanda Larabawa ke kira Jalinus, wanda kuma Hunaini ɗan Ishaƙ ya fassara ayyukansa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9.

Sai dai kalmar da Herophilus ya yi amfani da ita ba prostates ba ce. Parastates ce. Bambancin a baki kaɗan ne, a ma'ana kuwa da yawa. Pro gaba ne, para gefe ne. Parastates shi ne wanda ke tsaye a gefenka, kamar sojan da ke kusa da kai a sahu, ko mataimaki. Da wannan suna ya kira wasu sassa da ke gefen hanyar maniyyi, ba ma lalle ita wannan halitta da muke magana a kai ba.

Sai a shekarar 1536 wani likita a birnin Venis na Italiya, Niccolò Massa, ya bayyana halittar a rubuce. Shekara biyu bayan haka, a 1538, Andreas Vesalius ya fito da zanenta. Ba su ba ta wani suna na musamman ba. A shekarar 1600 ne Bafaranshen nan André du Laurens, likitan Sarki Henri na 4, ya sa mata sunan a littafinsa na Latin, yana zaton yana bin sawun magabata ne. Wasu masana tarihin likitanci biyu daga birnin Kolon na Jamus, Franz Josef Marx da Axel Karenberg, sun bi diddigin wannan batu a wani bincike da suka wallafa a 2009, inda suka nuna cewa a tsohon Girkanci kalmar ba ta taɓa shiga fagen likitanci ba, kuma du Laurens da mutanen zamaninsa sun yi kuskure har biyu a kanta: sun mai da ita jam'i, domin sun ɗauka halittar biyu ce, sun kuma mai da kalmar namiji ta koma tamace.

An gyara kuskuren jam'in daga baya. Na jinsin kuwa ya zauna daram. Shi ya sa yaron da ya yi lakwal a Agiye ya san ana cewa la prostate, da harafin mace, alhali babu wadda ta fi ta zama kayan maza.

Abin da ya sa kuskuren ya karɓu shi ne ya dace da abin da ido ke gani. Mai fiɗa idan ya biyo ta ƙasa zai tarar da ita tsaye a bakin mafitsara, kamar dogari a ƙofar fada.

Ina take, me take yi

Wani ɗan curin nama ne, girmansa kamar goro matsakaici, nauyinsa wajen giram 20 ga matashi. Yana zaune dab da ƙasan mafitsara, a gaban dubura. Bututun da fitsari ke bi ya fita ta tsakiyarsa ya ratsa, kamar a huda goro a zura tiyo. Aikinsa shi ne samar da wani kaso na ruwan maniyyi, wanda ke taimaka wa ƙwayoyin haihuwa. Ba shi ke yin fitsari ba, ba shi ke tara shi ba. Hanya ce kawai ta bi ta cikin gidansa.

Daga nan matsalar take. Idan namiji ya haura shekara 40 zuwa 50, curin yakan fara girma a hankali. Ga wasu ya kai goriba, ga wasu ya wuce. Yana girma yana matse tiyon. Kusan rabin maza masu shekara 60 suna da wannan girma, ga waɗanda suka haura 80 kuwa abin ya kan kai tara cikin goma, ko da yake ba kowa ne zai ji alama ba.

Alamun sanannu ne ga duk wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da tsoho. Tashi sau uku ko huɗu cikin dare. A tsuguna a daɗe fitsari bai zo ba, idan ya zo ya zo ba ƙarfi, yana yankewa. A gama a miƙe, a ji kamar da saura, ko ɗigo ya biyo baya ya taɓa wando. Wata rana kuma ya tsaya cak, mara ta kumbura, tsoho ya kwana yana murƙususu. Wasu magungunan mura da ake saye a tebur, da masu kashe zafi irin su tiramol, suna iya gaggauta wannan tsayawa. Idan aka daɗe fitsari ba ya fita duka, yakan koma baya ya lalata ƙoda, kuma wannan shi ne kisan mummuƙen da ke cikin ciwon.

Wannan kumburi na tsufa ba daji ba ne, kuma ba ya rikiɗa ya zama daji. Akwai ƙwayoyi da ke sassauta matsin, irin su tamsulosin, da masu rage girman a hankali, irin su finasteride. Idan sun gaza sai a yi aiki.

Dajin furostat kuwa wani ciwo ne daban, duk da cewa mutum ɗaya zai iya haɗa biyun. Alƙaluman hukumar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 an samu sabbin masu ɗauke da shi kusan miliyan ɗaya da rabi, ya kuma kashe kusan mutum dubu 400. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya yi hasashe a 2024 cewa adadin zai ninka, daga miliyan 1.4 a 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040. Baƙar fata ya fi kowa haɗari: a Birtaniya, ɗaya cikin baƙaƙen maza huɗu zai gamu da shi a rayuwarsa, alhali ga sauran jama'a ɗaya cikin takwas ne. Shi ya sa ake ba baƙar fata shawarar ya fara tuntuɓar likita tun yana shekara 45, haka ma wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya taɓa yi. Mugun halinsa shi ne da farko ba ya nuna alama. Sau da yawa sai ya kai ga ƙashi, tsoho ya fara kukan ciwon baya da ƙugu, sannan a gano.

Laifinmu 'yan jarida

A watan Mayun 2025, lokacin da ofishin tsohon shugaban Amurka Joe Biden ya sanar da cewa yana da wannan daji har ya kai ga ƙashinsa, kafafen Hausa da dama "kansar mafitsara" suka rubuta. Haka muka saba fassarawa, domin ita ce kalma mafi kusa da muka samu, ga kuma gaggawar fitar da labari.

Amma mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa. Mace na da ita, namiji na da ita, akuya na da ita. Tana kuma da nata dajin, wanda a ƙasashenmu yake da dalili sananne, wato tsargiya. Duk wanda ya tashi yana wanka a tabkuna da kududdufan damina na Gulbin Maradi ko Gulbin Kaba ya san yaran da ke fitsarin jini, har a wasu wurare ana ɗaukarsa alamar balaga. Tsutsar da ke kawo shi wani Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano ta a Alƙahira a 1851, shi ya sa takardar likita ke kiran ciwon bilharziose. Ƙwayayenta na maƙalewa a bangon mafitsara shekara da shekaru, kuma suna iya jawo daji. Tun 2004 Nijar ke rabon maganin praziquantel ga 'yan makaranta saboda wannan.

Ka ga ke nan ciwo biyu ne, da dalilai daban, da magani daban, muka cusa su cikin suna ɗaya. Ɗan da ya ji a rediyo cewa tashin dare alamar "kansar mafitsara" ce zai iya firgita uban da kumburin tsufa kawai ke damunsa. Wanda kuma ya je gaban likita ya ce kakansu "mafitsara" ta kashe, ya ba da labarin da ba shi ne ba, alhali tarihin iyali na cikin abin da likita ke dubawa.

Rikicin bai tsaya nan ba. Mutanen Gazawa da Agiye suna da iyaka da jihar Katsina, kuma tsallakawa neman magani tsohuwar al'ada ce, wasu har Kano, inda akwai asibitin Abubakar Imam da ya keɓanta da cututtukan hanyar fitsari. Tsoho ɗaya zai ji furostat a Maradi, ya ji furostet a Kano, ya ji mafitsara a rediyo, mai magani a kasuwa kuma ya ce masa sanyi ne.

Sanyi, kunya da alwala

Wannan na ƙarshe shi ya fi ɓarna. A ranar kasuwa, ko a Cadawa ko a Gidan Rumji, ba a rasa mota ko baro da lasifika ana tallar maganin sanyi, basir da ƙarfin maza, duk a kwalba ɗaya. Kalmar sanyi ta zama buhu, kowane ciwo na ƙasan cibiya a ciki ake zuba shi. Ga shi kuma a kunnen jama'a ciwon sanyi na da warin neman mata. Dattijo mai shekara 70, mai jikoki, wanda ake kira ɗaurin aure da raɗin suna, ina zai iya buɗe baki ya ce fitsari na yi masa gardama, a fara kallonsa da wannan ido?

Ya kamata a faɗa a fili: kumburin furostat ba a ɗaukarsa daga mace, ba a kuma shafa wa mace. Yawan mata ba ya kawo shi, ƙarancinsu ba ya kawo shi. Tsufa ne, kamar furfura.

Sai batun tsarki, wanda a ganina ya fi damun tsofaffi fiye da zafin ciwon kansa. Mutumin da ya shekara hamsin bai rasa sahun gaba ba, yanzu yana shakkar wandonsa. Wani ya fara janyewa daga jam'i, a ɗauka girman kai ne ko rigima. Wani ya rage shan ruwa da gangan, a wannan rana ta Maradi, ya ƙara wa ƙodarsa wahala. Alhali malaman fiƙihu sun daɗe da warware mas'alar. A mazhabar Malikiyya, yoyon fitsarin da ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye ba ya warware alwala, sai dai an so ya sabunta ta. Babi ne da ake karantawa a zaure, kowane malamin unguwa ya san shi. Magabata ba su ji nauyin irin waɗannan batutuwa ba: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, littafi guda ya rubuta a kan basir.

Kunyar ba tamu ce mu kaɗai ba. François Mitterrand na Faransa ya san yana da wannan daji tun 1981, shekarar da ya hau mulki, amma ba a sanar da jama'a ba sai 1992. Akasin haka, Sarki Charles na Ingila ya bari an bayyana cewa za a yi masa aikin kumburin furostat a Janairun 2024, Farfesa Wole Soyinka ma ya fito a 2014 ya faɗi cewa ya yi jinyar dajin ya samu sauƙi.

Akwai kuma tsoron aiki, wanda ke da ɗan tushe. Binciken farko da likita ke yi shi ne ya sa safar hannu ya taɓa curin da yatsa ta dubura, abin da bai wuce minti ɗaya ba, amma dattawa da yawa sun gwammace su koma gida, balle idan ma'aikaciyar sa'ar 'yarsu ce. Sannan ga raɗe-raɗin cewa duk wanda aka yi wa aiki an fiɗiye shi. Gaskiyar ita ce aikin kumburin tsufa ba ya taɓa 'ya'yan maraina, kuma mafi yawan maza suna ci gaba da kusantar iyali, sai dai sau da yawa maniyyi yakan koma cikin mafitsara maimakon ya fito, wanda ke rage yiwuwar haihuwa. Mai amarya da ke son ƙarin 'ya'ya yana da haƙƙin a faɗa masa wannan kafin a kwantar da shi.

Inda jita-jitar ta samo asali shi ne dajin da ya riga ya bazu. Tun 1941 likitan nan Charles Huggins a Amurka ya nuna cewa sinadarin mazantaka ne ke ciyar da wannan daji, binciken da ya ba shi kyautar Nobel a 1966. Ana iya toshe sinadarin da allura mai tsada duk wata ko duk wata uku, ko kuma a cire 'ya'yan maraina sau ɗaya a huta. A takarda ana rubuta wannan aiki orchidectomie, ita ma daga Girkanci: orchis shi ne ɗan maraina. Daga nan Turawa suka samo sunan furen nan orchidée, saboda saiwarsa biyu ce a haɗe. Aiki ne na mai dajin da ya yi nisa, ba na kowane tsoho mai tashin dare ba, kuma ba a yinsa sai da yardar mai jiki.

Hanyar Maradi

Tsarin lafiya a Nijar hawa-hawa ne: ɗakin shan magani na ƙauye, sai CSI, sai asibitin gunduma kamar na Agiye da na Gidan Rumji, sai manyan asibitocin Maradi. Majo a CSI zai iya sa roba ya ceci rai idan akwai kayan aiki. Hoton ciki, gwajin jini na PSA da ganin ƙwararren likitan hanyar fitsari kuwa galibi sai an dangana da birni. Daga Agiye zuwa Maradi wajen kilomita 80 ne a kan babbar hanya, Gazawa, wadda aka cire daga Agiye ta zama gunduma a 2011, ta fi haka nisa. Gidan Rumji wajen kilomita 50. Wannan lissafin na wanda ke bakin kwalta ne. Na ƙauye sai ya fara da amalanke ko kabu-kabu, da mara cike, kowane rami yana jinsa har ƙwaƙwalwa. A ƙauyukan Gidan Rumji da ke bakin iyaka, inda 'yan bindiga suka addabi jama'a har dubban 'yan gudun hijira suka tsallako daga Najeriya tun 2019, fitar dare kanta kasada ce, fitsari kuwa bai san dare ba.

Shi ma gwajin PSA ba hukunci ba ne. Yakan hau saboda kumburin tsufa, ko ƙwayoyin cuta, ko ma robar da aka sa. Sai an tsakuro ɗan nama an duba ake tabbatar da daji. Wanda ke buƙatar gashi kuma sai Yamai, sama da kilomita 600, inda cibiyar yaƙi da daji ta ƙasa ta fara wannan aiki a 2021.

Ta fuskar kuɗi, tsarin magani kyauta da aka kawo a 2006 ya shafi yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa, daga baya aka ƙara dajin mata. Tsoho mai ciwon fitsari ba ya ciki. Ragin rabin kuɗin asibitocin gwamnati da ya fara aiki ranar 1 ga Satumban 2024 ya sauƙaƙa wani abu, amma mota, masauki, abincin 'yan jinya da ƙwayoyin da za a sha wata da watanni suna nan. Buhunan ayar da aka ajiye, ko ragon layya, ko kuɗin ɗan da ke ci-rani, su ke biya.

Wane suna za mu ba ta?

Wasu al'ummomi ba su tsaya aron kalmar kawai ba, sun fassara ta. Jamusawa suna da Vorsteherdrüse, wato curin mai tsayawa a gaba. Mutanen Holan da Rashawa ma haka suka yi da harsunansu. Larabawa na cewa burustata, sun kuma tanadi tasu kalmar, musa, da harafin sa mai ɗigo uku, ko da yake ta aron ta fi yawo.

Hausa ba ta gaza ba. Harshen da ya raba gwaiwa da ƙaba, ya raba tsargiya da sanyi, ba zai kasa raɗa wa wannan suna ba. Abin da ya hana shi ne ba a ganinta. Mahauci ya san hanta, ya san saifa, ya san matsarmama, domin yana ɗaga su a faifai. Wannan kuwa a ɓoye take, sai mai fiɗar mutum.

Ni dai da za a tambaye ni, zan ce a riƙe furostat, tunda ta riga ta shiga baki, a riƙa raka ta da bayani: dogarin mafitsara, ko goron mara. Na farko ya riƙe ma'anar Girkawa, na biyu ya faɗi girma da wuri, kuma ana iya furta kowannensu a gaban suruki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mu ci gaba da cewa mafitsara. Tunda kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, aiki ya hau kan sashen lafiya na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi, da masana harshe, da gidajen rediyon karkara, su zauna su tsayar da kalma ɗaya da za a ji a Tsibiri a kuma ji ta a Katsina.

Kafin nan, hoton takarda zai ci gaba da shigowa wayarka. Idan ya shigo, ka ce wa ƙaninka ya tambayi likita ko kumburin tsufa ake zato ko daji, ko an auna lafiyar ƙoda, da kuma ranar da za a canja robar, domin ba ta zama har abada: wata makonni kaɗan take yi, wata ta kai wata uku, idan ta wuce lokacinta kuma sai ta toshe ko ta jawo zazzaɓi. Batun yi wa Baba bayani kuwa, idan kai ɗan fari ne, ka san ba daga bakinka zai ji ba. Ka nemi amininsa da suke zaman dandali tare, ko wanzamin gidan, ko babban jikansa da ke tsokanarsa da batun amarya, ka yi masa bayanin goron da tiyon, shi ya kai saƙon.